Alhaji, Ajiye Makullin Motar, An Zo Lamu

Tun ban rufe baki ba na ga ka taɓe naka. Na ce tsibiri, ka ce Allah ya tsari gatari da noma. Na ce gari ne da ya haura shekara 700 ana kwana ana tashi a cikinsa, ka ce tsufa ba sarauta ba ne. Na ce mota ba ta shiga lungunansa, jaki ne ke ɗaukar kowa da komai, sai ka tuntsire da dariya har hula ta karkace. Wai kai da ka san Dubai ciki da bai, ka yi Umra har ka daina lissafi, a ce ka yanki tikitin jirgin sama don ka je kallon jaki? To, yi dariyarka, Alhaji, ina jira. Ka gama? Madalla. Matsa min a tabarmar.

Lamu ke nan, can ƙarshen gaɓar tekun Kenya ta arewa, inda in ka ƙara gaba kaɗan sai Somaliya. Tsibirai ne kusa da juna a Tekun Indiya, manyansu uku: Lamu, Manda da Pate. A 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Lamu cikin jerin wuraren tarihi na duniya, da hujjar cewa duk garuruwan Suwahili babu tsohon da ya rage da kamanninsa kamar shi.

Ka ce ka san irin wuraren nan? Kufai, ƙadangaru, allo mai tsatsa, da Bature mai gajeren wando yana ɗaukar hoton bango? Kufan yana nan, zan kai ka, kada ka ƙosa. Amma Lamu da ranta. Gidan da aka gina tun ƙarni na 18, za ka wuce ta gindinsa ka ji ƙamshin suyar albasa, ka ji uwa tana yi wa yaro tsawa ya tafi makaranta. Ba a ajiye wasu da shigar gargajiya suna jiran ka iso su yi maka rawa ba. Mutane ne ke harkar gabansu, in ka tsaya tsakiyar hanya ka saki baki su ce ka kauce.

Sai dai kafin a ce ka kauce, sai ka isa, kuma a nan ne cikinka zai ɗuri ruwa. Daga Nairobi ƙaramin jirgi ake hawa, ya sauke ka a tsibirin Manda da ke tsallake. Ka fito da jaka kana waige-waigen tasi. Babu. Kwale-kwale mai inji ne ke jiranka. Ka ce kai da ruwa sai alwala da wanka? Minti goma ne fa, ko ɗan fi. Kai da kuke hawa babur ku uku har da buhun masara, ba hular kwano, kana ratsa tsakanin tireloli kana amsa waya, yau kai ne mai tsoron mutuwa? Sa rigar kariya in an miƙo maka, karanta abin da ka iya, ka ɗaga kai. Fararen benayen can da jiragen katako masu tafiya da iska, su fataken Oman da Indiya suka riƙa hangowa ɗaruruwan shekaru. Iska ce direbansu. Daga wajen Disamba zuwa Maris, wadda ake kira kaskazi ta kaɗo su daga arewa da dabino da tufafi da tangaran. In ta juya ta zama kusi, ta mayar da su gida da hauren giwa da itace da, kada mu yi wa tarihi kwalliya, bayi. Wanda ya makara sai baɗi. Da yawa sun makara, sun yi aure, ga jikokinsu nan suna karɓar kuɗin jirgi a hannunka.

To, ga jakin da ka yi wa dariya. Kana taka ƙasa za ka gan shi, mangala cike da yashi, ko duwatsun gini, ko katan-katan na lemo, wani sa'in ma ba mai kora, shi kaɗai yake tafiyarsa don ya fi ka sanin hanya. Dubbai ne a tsibirin. Ka ce rashin ci gaba ne? Shiga lungu ka miƙa hannuwanka biyu. Ka taɓa bango nan, ka taɓa bango can. Yanzu nuna min ta inda jif ɗinka za ta bi. Matsin nan yana da ranarsa: dogayen benaye su yi wa juna inuwa, iskar teku ta ratsa ta tsakani, sai ka yi yawo da tsakar rana ba ka soyu ba. Faɗin hanya kuwa daidai jaki da kayansa ne. In biyu suka haɗu, ɗaya ya raɓe. In kai da jaki kuka haɗu, kada ka tsaya jiran a duba girman rawaninka.

Har asibiti gare su. A 1987 wata ƙungiyar Ingila mai kula da jakuna ta buɗe musu wurin jinya a bakin teku, a ba su maganin tsutsa, a wanke musu gyambon akumari, kyauta. Ka ce duniya ta zo ƙarshe, jaki da likita? Dabbar da ta yi dakon duwatsun ɗakin da za ka kwana, ita ce ba ta ci allura ɗaya ba? Mutanen garin suna da wata magana, wai namijin da ba shi da jaki shi ne jaki. Ban ce da kai nake ba. Amma naka nawa ne?

Ka ce masu jaki ai ƙauyawa ne? Bisimilla, shigo. Ƙofar tukuna: katako mai kauri, an sassaƙa masa ganye da furanni, wata da aya a samanta. Gabanta ɗan zaure buɗaɗɗe da dakali hagu da dama, nan baƙo namiji ke tsayawa sai an yi masa iso. Bango na dutsen murjani ne, an ɗaure shi da farar ƙasa da aka ƙona daga shi wannan dutsen. Ɗakunan dogaye ne amma matsattsu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan fi na gabansa tudu, ya kuma fi shi sirri. Ka ce maginin bai iya awo ba? Azara ce ta yi masa iyaka. Da sandunan wani itace mai tsirowa cikin ruwan gishiri ake rufi, mikoko suke ce masa. Gara ba ta cika cinsa ba, har Basra da Kuwait aka riƙa kai shi, amma tsawonsa ƙayyadadde ne, don haka ko kai ne attajirin gari faɗin ɗakinka ba zai wuce sandar ba. Mai kuɗi sai dai ya ƙara bene, in wuri ya ƙure ya yi ɗaki ta saman lungu ya haɗa da gidan 'yarsa, mata su riƙa kai da kawo ba su taka titi ba.

A ɗakin ƙurya, bango guda cur alkuki ne jere bisa jere, ana shirya tangaran na ƙasar Sin da littattafai. Sannan banɗaki: a cikin gida, har a saman bene, da magudanarsa, da ma'ajiyar ruwan wanka wadda ake sakin ƙananan kifaye a ciki su cinye 'ya'yan sauro. Shekara 200 da suka wuce fa. Na ji ka yi shiru. Ko hayaƙin maganin sauron naka ne ya shaƙe ka?

Yanzu za ka ce, in suna da wayo haka, me ya hana su rushe tsofaffin su yi na zamani, da tayil da gilashi? Ka zo wurin. Talauci ne ya hana su, kuma kada ka yarda ɗan jagora ya ce maka tsabar son tarihi ce. Arzikin Lamu a kan cinikin jiragen iska yake, da gonakin da bayi ke nomawa a tsallake. Ingila ta shimfiɗa layin dogo daga Mombasa, ya isa Tafkin Biktoriya a 1901, ciniki ya bi shi. A 1907 aka haramta bauta a gaɓar, gonaki suka koma daji. Jirage masu inji kuwa ba ruwansu da jiran kaskazi. Gari ya wayi gari ba mai kuɗin rushe gidan kakansa, sai dai ya liƙe inda ya tsage ya ci gaba da zama. Da kuɗi da siminti sun iso rana ɗaya, da yanzu filaza ce a wurin, da shagunan waya a ƙasa. Kada ka musa, na ga abin da ka yi da gidan gadonku.

Ka ce duk da haka tsibiri tsibiri ne, wurin holewa, Turawa kwance rabi tsirara a rairayi, ina kai ina can da gemunka? Kiran assalatu zai ba ka amsa, daga masallatai fiye da 20 a garin da za ka ratsa da ƙafa kafin shayi ya huce. Masallacin Pwani ana danganta asalinsa da 1370. Matan gari cikin baƙin lulluɓi suke. Wanda ya shigo kasuwa da shigar bakin ruwa shi ake bi da kallo.

Tsaya, kada ka kabbarta tukuna. Ina ka dosa? Gabas? Gabas ai teku ce, sai ka dangana da Indunusiya. Makka tana arewa da Lamu, kusan a saiti, don haka alƙibla arewa take. Na san zai yi maka banbaraƙwai, kai da tun tasowarka gabas ka sani, amma bi liman ka bar gardama. Shafi'awa ne: za ka ji bisimilla a bayyane kafin Fatiha, ƙunutin asuba bayan ruku'u, hannuwa a ɗage. Kada ka fito kana gunaguni wai ba su iya ba. Sun riga ka, zan gaya maka da shekara nawa.

In ka haura bayan gari za ka ga masallacin Riyadha. Wanda ya kafa shi a ƙarshen ƙarni na 19, Habib Saleh, sharifi ne ɗan asalin Halaramautu da aka haifa a tsibiran Komoro, malami kuma mai ba da magani. Ya tarar da garin da ilimi na 'ya'yan masu gidan dutse ne, sai ya je ya zauna cikin masu hawan kwakwa da bayi da 'yantattu, ya karantar da 'ya'yansu, ya kuma shigo da Mauludi mai bandiri cikin masallaci. Manyan gari suka ce ba su san zancen ba. Yau Mauludin nan na ƙarshen Rabi'ul Awwal shi ke cika Lamu da baƙi daga Mombasa da Zanzibar da Komoro har ba masaka tsinke. Ka ce bandiri a masallaci? Na ga ka gyara zama za ka ɗauko littafi. A'a, ba da ni ba. Wannan muhawarar an fara ta a Lamu tun kakanka bai yi kaciya ba, kuma ba kai baƙon kwana kaɗan ne za ka rufe ta ba. Ko kana yi ko ba ka yi, roƙi a nuna maka littattafan makarantar, rubutun hannu na fiƙihu da nahawu da magani, waɗanda aka ɗauki hotonsu shafi-shafi da tallafin Laburaren Birtaniya don kada ƙwari da danshi su gama da su.

Tun da na ga kana satar kallo: e, zani ne. Maza ne da gemu da carbi, ɗaure da zani mai ratsi-ratsi, kikoi. Yi dariyarka a ciki. In zafin nan mai ɗanɗanon gishiri ya manna maka shaddarka mai sitati a gadon baya, da ƙafarka za ka je kasuwa kana tambayar nawa-nawa ne. Ba zan gaya wa kowa a gida ba. Hoto ɗaya kawai zan ɗauka.

Abinci kuwa shinkafa da madarar kwakwa, gasasshen kifi da aka shafe da miyar kwakwa da tsamiya, gahawa mai ɗaci a finjali da alewar halwa ta kashe ɗacin. Sai a ajiye maka ƙaguwa cike da faranti, da wata halitta mai hannu takwas. Ka ce a'uzubillahi? Tambayi malaminka: Malikiyyarka tana cikin mazhabobin da suka fi sassauci a kan abin da ya fito daga teku. Ba ka da mafaka a littafi. Faɗi gaskiya ƙyanƙyami kake ji, kai mai cin fara da yaji.

A dandalin tsakiyar gari akwai wani ƙaton ginin tsaro, an fara shi wajen 1813, an gama a 1821. Tushen labarinsa yana Shela, ƙauyen da ke kudu, tafiyar minti 40 a ƙafa ta bakin ruwa. Wajen 1812 mayaƙan Pate da na Mazru'awa masu mulkin Mombasa suka zo da jirage su ladabtar da Lamu. Aka gwabza a rairayin Shela, reshe ya juye da mujiya, suka ruga su hau jirage, ashe teku ta janye ta bar jiragen zaune daram a kan yashi. Haifaffun bakin ruwa ke nan ruwa ya yi wa haka, to ina ga kai. Lamu ta ci yaƙi, sai tsoron ramuwa ya kama ta, ta aika wa Sayyid Sa'id na Oman ya turo mata sojoji. Ya turo. Mai gadi ya zama maigida. Daga 1910 zuwa 1984 ginin gidan yari ne. Yanzu akwai laburare a ciki, ana taro, har bikin aure ake yi, shi ya sa wasu magidanta ke cewa aikin ginin bai canza sosai ba.

A Shela kam zan ba ka rabin gaskiya. Akwai masallacin Juma'a na 1829 da hasumiyarsa mai tsini, akwai rairayi mai tsawon kilomita 12 da tuddan yashi waɗanda a ƙarƙashinsu ruwan shan tsibirin yake kwance. Amma attajiran Turai, har da 'ya'yan sarauta, sun saye gidaje da yawa sun gyara su fes, su zo hutu su kulle su koma. Ya fi Lamu tsabta, ba shakka. Ni dai na fi son inda ake suyar albasa.

Ga kufan da na yi maka alkawari: Takwa, a Manda. Jirgi ke ratsa wani siririn mashigi tsakanin mikoko, kuma sai teku ta cika. In mai jirgi ya ce a tashi yanzu, kada ka ce bari ka ƙarasa waya, teku ba ta san Alhaji ba. Gari ne da ya yi tashe daga wajen 1500 zuwa ƙarni na 17, da ganuwarsa, da masallaci mai dogon ginshiƙi a saman bangon alƙibla, da kabari mai ɗauke da shekarar hijira da ta dace da farkon shekarun 1680. A jikin bango akwai zanen jirage da wasu suka karta. Me ya tashe su? Ba aljanu ba, na san nan ka dosa. Rijiyoyi ne suka koma ruwan gishiri, ga fitina da Pate. Suka tattara suka haye Shela, jikokinsu har yau suna zuwa ziyara. Ka ce duwatsu ne kawai? Duwatsu ne mana. Amma kai mai haƙa burtsatse uku a gida ɗaya, ɗan daɗe a bakin rijiyar nan kafin mu wuce.

Na san abin da ka ɓoye a aljihu: ai duk Larabawa ne suka gina, baƙar fata ina ya ga wannan. Turawan mulkin mallaka ma haka suka ce, kun yi tarayya, barkanku. Sai aka tona Shanga, a kudancin tsibirin Pate, a shekarun 1980, ƙarƙashin wani masani ɗan Ingila, Mark Horton. A ƙarƙashin masallacin dutse aka sami wani, a ƙarƙashinsa wani, ana ta sauka har aka kai ga ɗan ƙaramin masallaci na itace na wajen ƙarshen ƙarni na 8. A can ƙasan, gurbin bukkoki ne da tukwane irin na mutanen gaɓar. 'Yan ƙasa ne suka kafa gari, suka yi ciniki da baƙi, suka musulunta, suka yi kuɗi, suka koma ginin dutse. Larabawa da Farisawa sun zo, an yi auratayya, ba mai musu. To, lissafa: ƙarshen ƙarni na 8. Shekara 1,200 ke nan. Su ne ɗazu ka so ka koya wa salla.

A Pate ɗin dai akwai Siyu, ƙauyen da ya yi suna da rubuta Alƙur'ani da hannu da sassaƙa da aikin fata, wanda a shekarun 1840, ƙarƙashin Bwana Mataka, ya fatattaki rundunar Sayyid Sa'id. Matar Bwana Mataka, Mwana Kupona, ta tsara wa 'yarta waƙar nasiha a 1858, da Suwahili cikin ajami, har yau ana nazarinta. A daidai lokacin Nana Asma'u tana raye a ƙasar Sakkwato tana irin nata aikin, faɗin Afirka guda a tsakaninsu, ba su san juna ba. Hajiya, ke nake wa wannan, na ga kina leƙowa ta bayan labule. Ki ce masa in dai za a je, ƙafarsa ƙafarki.

Ka ce kai ƙasar Sin ka sani, can kake saro kaya? Sannu, sabon shiga. Jiragen Sinawa ƙarƙashin Zheng He sun iso gaɓar nan tun farkon ƙarni na 15, har mutanen Malindi suka aika wa sarkin Sin kyautar raƙumin dawa. A bakin mutanen Pate akwai labarin jirgin Sinawa da ya nitse, waɗanda suka tsira suka yi aure a Siyu. Labarin baka ne, amma ya isa a 2005 Sin ta ɗauki nauyin karatun wata yarinyar ƙauyen. A 2013 kuma masu tonon tarihi suka ba da sanarwar samun tsabar tagulla mai huji a Manda, bugun zamanin Sarki Yongle na wancan ƙarnin.

Ka ce Al-Shabab fa? Yanzu ka yi tambayar masu hankali, bari in ajiye wasa. A 2011 an sace Turawa a Kiwayu da Manda, a watan Oktoban shekarar Kenya ta tura soja Somaliya. A Yunin 2014 an kashe mutane gommai a Mpeketoni, a Janairun 2020 an kai hari sansanin soja da Amurkawa ke amfani da shi. Yawancin fitinar a tsallake take, wajen dajin Boni da hanyar mota mai zuwa Mokowe, inda ake hawa jirgin shiga tsibiri. Don haka hau jirgin sama, ka bar hanyar nan, ka kuma saurari labarai kafin ka ɗaura kaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Na gama, na ɗauko wasana: kai da ka haddace hanyoyin da ba a bi bayan la'asar, ai ba ni zan koya maka wannan karatun ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali a kan Lamu ma kuɗi ne. A Mayun 2021 shugaban Kenya na lokacin, Uhuru Kenyatta, ya buɗe sabuwar tashar manyan jiragen ruwa a tsallake, wadda ake son ta haɗa da Habasha da Sudan ta Kudu. Masunta kimanin 4,600 sai da suka je kotu, a 2018 ta ce a biya su diyyar shilin biliyan 1.76. An so a kafa tashar wutar kwal, mutanen gari suka yi tsaye har aka soke lasisinta a 2019. Sannan ga 'yan acaba sun shigo, suna ta hon a bakin teku, jakuna na kauce musu. Ka ce ai shi ne ci gaban? Na san za ka faɗa, har na ga kana lissafin babura nawa za ka turo. Matasan garin suna neman abinci, ba zan ga laifinsu ba. Amma kai da ba yunwa ce ta kawo ka ba, taka da ƙafarka, in ka gaji hau jaki. A baya ake zama, can wajen ƙugu. Kada ka ce min ka manta, na san ƙauyenku.

Saura tsaraba, don na san ba za ka shiga gida hannu rabbana ba. In ka samu sarari leƙa Matondoni, ƙauyen masassaƙan jirage da masu saƙar tabarma. A Lamu ne ma aka ƙera jirgin iska da robar bola da tsofaffin silifas 30,000, ya tafi har Zanzibar a 2019, don haka daina yar da naka a kwata. Sayi hularsu mai ƙananan huji, ɗinkin hannu ne na makonni, kada ka taya ta tayin wulaƙanci. Sayi halwa. Amma don Allah kada ka tsaya gaban gidan mutane kana shafa ƙofa kana tambayar nawa za a ciro maka ita. Doka ta hana fitar da kayan tarihi ba izini, kuma masassaƙa suna nan, za su yi maka sabuwa in ka iya biyan kuɗin awo a filin jirgi. Kikoin nan kuwa, in ka miƙa wa Hajiya ka ce nata ka sayo, wanke shi tukuna. Ta san ƙamshin turarenka.